Yaron da Aka Bari Cikin Tanki

Shekarar da aka haifi autarmu, Kaka ta zo daga ƙauye don ta yi wa Mama wankan jego. A Kakuri muke zaune lokacin, a gidan haya mai ɗakuna a jere, ciki da falo ne namu. Ta ƙofar gidan ma'aikatan masaƙa suke wucewa da kekunansu in jiniya ta yi kuka, Baba yana cikinsu. Ina ajin ƙarshe a firamare, kuma ni ce babba, wato duk aiken da ya taso a kaina yake sauka. Ban taɓa ɓoye cewa ba na so ba. Mama takan ce ko ruwa aka ce in miƙo sai na yi masa ƙunƙuni tukuna.

Kaka mahaifiyar Mama ce, amma tun da aka haife ni kowa ya koma ce mata Kaka, har ita Maman. Gajeruwa ce mai ƙarfin hannu. Da sassafe take tafasa ruwa a rabin duro a tsakar gida, ta zuba ganyen darbejiya, ta tasa Mama gaba zuwa banɗaki. Muna daga waje sai mu ji Mama tana kiran sunan Allah, Kaka tana cewa, "Tsaya mana, ni da na haife ki wa ya tausaya mini?" Tun ranar da ta iso ta kwace gado ita da Mama da jaririya, Baba ya koma doguwar kujerar falo wadda ƙafafunsa suka fi ta tsawo. Suruka ce, ba halin gardama. Amma kullum da safe sai ka gan shi yana tafiya a karkace yana murza wuya.

Ita ba ta karyawa da komai sai koko da ƙosai. Burodi ta ce iska ce aka gasa. Saboda haka kowace safiya kafin makaranta ni ce a hanya, zuwa wurin wata Hajiya da ke suya a bakin titi ta wajen Makera. Hajiyar nan da takarda take naɗe ƙosai, duk wadda ta samu: tsohuwar jarida, takardun jarrabawar yaran wasu, har buhun siminti. A shekarar nan ɗanta ya samo mata wani buhu na tsofaffin komik, littattafan labarin zane, marasa bango, ban san daga ina ba. Sai ta yage falle ɗaya, ta zuba ƙosai, ta barbaɗa yaji, ta dunƙule ta miƙo.

Ranar farko da na buɗe ƙunshin na ga abin da ke jiki, na manta da ƙosan. Wani ƙaton mutum ne a zane, da koriyar riga mai matse jiki da mayafi a baya, kansa cikin hular ƙarfe, ya ɗaga motar haya sama da hannu ɗaya, mutanen ciki suna leƙowa. Mai ya ɓata fuskarsa, yaji ya manne a ƙirjinsa, amma wallahi ban taɓa ganin abu mai kyau irinsa ba. Na barbaɗa wa takardar toka ta tsotse man, na shimfiɗa ta ƙarƙashin tabarma. Mai hular kwano, haka na sa masa.

Washegari na roƙi Hajiya ta ba ni sauran duka. Ta dube ni ta saman hayaƙi.

"Ke 'yar nan, ƙosai kike saya ko takarda?"

Na ce duka biyun. Ta yi dariya har tana tari, ta ce takarda ba ta tafiya ita kaɗai, sai da ƙosai a cikinta. Amma ta yi mini alheri ɗaya: ta ware wannan komik ɗin ta cusa ƙarƙashin buhun da take zama a kai, ta ce ba wanda za a naɗe wa da shi sai ni. Falle ɗaya kowace safiya. Na yi magiya, na yi fushi, har na taɓa yi mata wanke-wanke ba ta sa ni ba, duk a banza. Daga lokacin ba wanda ya sake tashina aike, ni nake tashin kaina. Mama har ta taɓa goshina ta ji ko zazzaɓi nake yi.

Kaka ce ta fara kama ni. Ta ce me nake kallo a takardar ƙosai da har nake motsa baki ni kaɗai kamar mai aljanu. Na nuna mata. Ta riƙe takardar nesa da idonta, ta juya ta, ta daɗe tana dubawa.

"Wa ya ɗinka masa wannan kaya? Ko numfashi ba zai iya ba."

Na ce ba wannan ne labarin ba. Na karanta mata Turancin da ke cikin kumfar da ke fita daga bakunansu, ina mayarwa da Hausa, inda kalma ta gagare ni in duba fuskar mai maganar in gane. Na faɗa mata cewa ƙarfinsa a hular yake, in an cire ta ya zama kamar kowa. Na nuna mata abokin gabarsa, wani siririn mutum mai baƙin tabarau wanda kullum haƙoransa a waje suke. Kaka ta tofar da yawu gefe ta ce tun daga gani wannan ba a yi masa tarbiyya ba.

Shi ke nan ta shiga. Da na dawo daga Makera, kafin ma ta kai ƙosai baki za ta ce, "To, me yaron nan ya yi yau?" Mutum ne mai ƙirji kamar ƙofar shago, amma a wurin Kaka yaro ne. In ya yi tsalle daga saman bene sai ta dafe ƙirji. In ya naushi wani ta ce, "Ƙara masa!" da jaririya a cinyarta. Kullum kuma sai ta tambayi uwarsa: tana ina, ta san irin yawon da yake yi, wa ke dafa masa abinci? Na ce littafin bai faɗa ba. Ta ce ai ga shi nan, shi ya sa ba ya zama wuri ɗaya.

Wata safiya na buɗe ƙunshi a hanya, yadda na saba, ƙafata ta tsaya. Mai baƙin tabarau ya yaudari mai hular kwano. Ya cire masa hula, ya ɗaure shi da sarƙa cikin wani tankin ƙarfe, ya rufe bakin ya kunna ruwa. A zanen ƙarshe ruwa ya kai masa haɓa, ya ɗaga kai sama, ga hular can waje a kan tebur. Na juya bayan takardar da sauri, sai tallan keken yara. Ranar Kaka ko rabin kokonta ba ta sha ba.

Gari na wayewa na kwasa da gudu. Hajiya ta naɗe mini ƙosai da takardar lissafin wani yaro da ya ci sifili.

"Hajiya, ina tawa?"

"Ta ƙare, 'yata. Jiya ce ta ƙarshe."

Ban yarda ba. Sai da na sa baiwar Allah ta tashi daga kan buhunta na duba da idona. Muka zazzage abin da ya rage, babu ko ɗaya mai koriyar riga. Na dawo gida ina harbin duwatsu. Da na faɗa wa Kaka, ta ajiye ludayi ta ce, "Wato haka za a bar ɗan mutane cikin ruwa?"

Na yi zaton kwana biyu za ta manta. Ina! Kowace safiya bayan an gaisa, tambayarta ɗaya ce, an samu labarin yaron nan? Abin ya fara damuna, don ta rage cin abinci da gaske. Na ce bari in faɗa mata yadda nake jin za ta kasance, watakila ya tsinke sarƙar. Ta ɗaga mini hannu.

"Kar ki yi mini tatsuniya, ni na koya wa uwarki tatsuniya. Abin da aka rubuta nake so."

Mama ta gaji ta ce, "Haba Kaka, zane ne fa. Wani ne ya zauna ya zana."

"Na san zane ne, ni ba yarinya ba ce. Annabawan da ke littafin makarantar Lahadi ma ai zana su aka yi. Ko su ma ba a yi su ba ne?"

 Baba daga falo ya yi tari.

To, ga inda abin ya fi ƙarfinmu. Mai jego ba ta fita sai ta yi arba'in, don haka Mama tana ɗaki, Kaka kuwa tana zuwa taron zumuntar mata a cocinmu a madadinta. Ashe da aka zo wurin kawo buƙatun addu'a, tsohuwar nan miƙewa ta yi ta ce akwai wani yaro, ɗan mutane, a wata ƙasa mai nisa, mugu ya ɗaure shi cikin tanki, ruwa ya kai masa haɓa, kuma tun ranar ba a sake jin labarinsa ba. Ba ta yi ƙarya ko ɗaya ba. Abin da ba ta faɗa ba kawai shi ne cewa da ƙosai ya zo gidanmu. Matan suka durƙusa suka yi ta addu'a.

Ni a famfo na fara ji. Wata mata ta riƙe mini bokiti ta ce, "Sannunku fa, ya yaron naku? An ciro shi?" Na ɗauki bokitina na taho gida. Kafin mako ya zagayo labari ya yi reshe. Wasu sun ce ɗan'uwanmu ne da ke aiki a matatar mai ya faɗa tanki. Wasu sun ce a Legas ne, a jirgin ruwa. Mata suka fara shigowa barkar haihuwa suna haɗawa da jaje. Mama takan ja zane ta rufe fuska ta ce kanta ke ciwo. Bayan sun tafi ta ce, "Kaka, kin kashe ni a garin nan." Kaka ta ce addu'a ba ta taɓa kashe kowa ba.

Arba'in ta matso. An shirya ranar Lahadi za a kai jaririya coci a miƙa ta, Litinin Kaka ta koma, don acca ta nuna a gona, tsuntsaye suna ci. Sai ta sanar da mu, tana tsefe wa Mama kai, cewa ƙafarta ba za ta taka mota ba sai ta san ko yaron nan ya fita. Ta ce ba za ta iya kai wannan nauyi ƙauye ba, inda ba mai karatu ba mai takarda, ta yi ta kwana da shi har mutuwarta. Kuma matan da ta sa addu'a, da wane ido za ta yi musu sallama? Mun san ta, ba barazana take ba. Na ga Baba ya dubi doguwar kujerarsa, ya dube ni.

Daga ranar Baba ya fi ni son komik. Ya ɗauki fallen tankin a aljihu ya kai masaƙa ya nuna wa abokan aikinsa. Ni kuma na bi masu baza tsofaffin littattafai a ƙasa, daga kasuwar Kakuri har unguwar Television, ina nuna hoton. Wani ya ba ni na masu doki da bindiga ya ce duk ɗaya ne. Na ce masa in duk ɗaya ne ya je ya sayar da akuya a matsayin saniya mu gani. Ya ce wannan yarinya ba ta da kunya. Na dawo hannu biyu.

Kawu ne ya cece mu, ƙanen Mama, direban wasu Turawa da ke aikin kwangila a matatar mai ta wajen Rido. Ya zo ganin jaririya, Baba ya zaro takardar don ya ba shi labarin halin da yake ciki. Kawu ya duba ya ce, "A'a, wannan mai hular? Ai ɗan maigidana yana da shi, ƙato guda, an haɗa su duka wuri ɗaya." Na ji kamar in goya shi. Kaka ta ce tun yana yaro ta san zai yi amfani.

Ranar Asabar da la'asar ya kawo, ana gobe miƙa jaririya. Kai, jama'a! Littafi ne mai kauri, bangonsa yana sheƙi, ba mai, ba yaji, ba toka. Sai da na wanke hannu da sabulu kafin na taɓa. Kaka ta fito da kujerarta tsakar gida, yaran gidan suka kewaye mu, Mama ta zauna a bakin ƙofa tana cewa ita ba ruwanta, iska kawai take sha. Baba ya fasa fita. Na so in tsallake kai tsaye zuwa tankin, Kaka ta ce a'a, daga farko, a ji yadda aka yi tun tushe.

Babin farko ya yi daɗi, don a nan muka ga yadda ya tsinci hular a wani kogo. Da muka shiga na biyu, sai ga shi yana tsaye a kan bene yana tuna yadda ya tsinci hular a kogo. Na uku, wata mata ta tambaye shi, ya sake ba ta labarin kogo. Kaka ta ce, "Ai mun ji wannan. Mutumin nan ya ɗauka kurame ne mu?" Na ce da can wata-wata suke fitowa, shi ya sa ake tunatarwa. Ta ce to wanda ya haɗa su bai karanta ba ke nan.

Ga kuma ɗinkin littafin, an matse shi har tsakiya ta haɗiye zanen. Duk babban faɗa, irin wanda ya cika shafi biyu, daidai inda naushin zai sauka nan ya shige cikin lungu. Hannu a hagu, fuska a dama, abin da ya faru tsakaninsu sai Allah. Na danna da tafin hannu don in buɗe, littafin ya yi ƙara, Kawu ya zabura ya ce, "Ke, aikina za ki ci!" Sai muka koma leƙawa ɗaya bayan ɗaya da ido guda.

Can tsakiya sai ga baƙi sun faɗo ba sallama, wata mata mai fukafukai da wani gajere mai jan gemu. Suka rungume shi kamar tare suka taso, suka yi maganar wani yaƙi da ba mu gani ba, suka tashi suka tafi. Kaka ta ce, "Su kuma 'ya'yan waye?" Na ce ban sani ba. Ta ce ba ke ce mai karatun ba? Haushi ya fara cina. Abin da ya fi ba ni takaici ma ban iya faɗa wa kowa ba a lokacin. Shafukan da na sani, waɗanda nake kwana ina jira, in yi ta juya falle ɗaya yini guda har in haddace, yanzu wucewa suke yi fit-fit. Da na gan su a jere sai na lura mutum ɗaya yake ta duka, kuma duka iri ɗaya. A takardar ƙosai ban taɓa ganin haka ba.

Sai ga tankin. Shi ne, tsaf, ba ɗigon mai. Ruwa a haɓa, hula a kan tebur. Har mai dakan da ke can ƙarshen tsakar gida ta ajiye taɓarya. Kaka ta matso da kujera. Na juya shafi.

Mai hular kwano yana tsaye a saman wani dogon gini. Busasshe ƙayau, hula a kansa, har da sabon mayafi. Yana kallon gari yana maganar wasu ɓarayin banki.

Na ce shafuka ne suka manne. Na lashi yatsa na murza, na hura, na ɗaga sama na duba ta haske. Babu. Lambar wannan shafi na bin ta wancan, ba abin da aka yage. Can ƙasa a kusurwa na ga wani ɗan akwati ruwan ɗorawa da ƙananan haruffa. Na karanta, na sake karantawa. Wai duk mai son ya ga yadda ya kuɓuta daga tankin, ya nemi mujallar matar nan mai fukafukai.

"Ɓarayi!" Haka na ce, da ƙarfi, a gaban Baba. "Macuta! Ƙaton littafi kamar bulo, abu ɗaya da ake nema babu!"

Na bi sauran da sauri ko za su dawo kan maganar. Mai baƙin tabarau bai sake fitowa ba, ko sunansa ba a ambata ba. Ƙarshen ma ciko aka yi da wani tsohon labari da wani daban ya zana, inda mai hular kwano ya rame har ban gane shi ba, sai shafuka na zanen takalmansa ta gaba da ta baya. Takalma! Na fashe da kuka, kukan haushi, irin wanda ke fita da majina. Yaran gidan suka watse suna tsaki.

"Tsaya," in ji Kaka. "Kawo in gani."

Na buɗe mata shafin saman ginin. Ta riƙe nesa da ido ta daɗe.

"Shi ne?"

"Shi ne."

"Da ransa?"

"Da ransa mana, Kaka, amma ba su faɗi yadda ya fita ba! Sun cuce mu!"

Ta koma shafin baya ta sa yatsa a kan tankin. Ta tambaye ni ko akwai wata ƙofa. Na ce babu. Mabuɗi fa? Babu. Akwai wani a kusa da zai ji kiransa? Na ce ba kowa. Ta ce shi mai littafin me ya ce? Na ce cewa ya yi a je a tambaya wani wuri. Kaka ta gyaɗa kai a hankali, ta rufe littafin ta miƙa wa Kawu da hannu biyu, ta ce a gaida yaron Baturen. Sannan ta juya ta ce wa Mama akwai sauran tuwon rana? Ta cinye, ta nemi ƙari. Baba ya tambaya a hankali ko ya je ya kama mata wuri a mota. Ta ce ya je mana, me ake jira?

Ni dai da fushina na tafi coci washegari. Aka miƙa jaririya, ta yi wa fasto fitsari a hannun riga, aka yi dariya. Da aka ce ko akwai mai shaida, sai na ga Kaka ta miƙe tana gyara ɗankwali. Mama ta kai hannu ta kamo zanenta, amma da jaririya a hannu ba ta kai ba. Na sunkuyar da kai har goshina ya taɓa bencin gaba.

Kaka ta gaida fasto, ta gaida dattawa, ta juya wajen bencin mata.

"'Yan'uwa, yaron nan da na kawo muku, ya fita."

Wata ta rangaɗa guɗa. Kaka ta ɗaga hannu ta ce ba ta gama ba.

"Jiya na gan shi da idona a takarda, yana tsaye, ko tufafinsa ba su jiƙe ba. Ba ƙofa, ba mabuɗi, ba mutum a kusa. Jikata mai karatu ta bincika gaba da baya, har kuka ta yi. Wanda ya rubuta labarin da kansa bai san yadda aka yi ba, cewa ya yi a je a tambaya wani wuri. To, ni na san inda za a tambaya." Ta nuna su da hannu. "Ga ku nan zaune."

Cocin ya ɗauka. Mata suka buga tulu da caki, suka fito fili suna rawa, suka sa Kaka a tsakiya. Amin ɗin Baba ya fi na kowa ƙarfi, kuma ni kaɗai na san dalili. Mama tana kuka tana dariya, ta kasa zaɓar ɗaya. Ni har yau ina nan a kan bakana, littafin nan cuta ne, wanda ya haɗa shi bai kyauta ba. Amma a ranar kunyar da ta rufe ni ta sake ni, na ji ina son tsohuwar nan har ƙirjina yana zafi.

Bayan an tashi muna bakin ƙofa ana gaisawa, sai wata tsohuwa ta matso, mai sayar da itace a bayan layinmu, wadda ba ta cika magana ba. Ta kama hannuna da nata masu kaushi ta ce ke ce mai karatun? Na ce ni ce. Ta ce ɗanta ya tafi Legas neman aiki da daɗewa, ba wasiƙa, ba saƙo, ba wanda ya ce ya gan shi. Ta ce ta gaji har ta daina kawo shi gaban mutane.

"Amma tunda aka ji mu a kan ɗan wasu, nawa ma za a ji mu, ko ba haka ba, 'yata?"

Maganar tana bakina, cewa zane ne, da ƙosai ya zo. Na dubi Kaka. Ita ba ni take kallo ba. Ta cire hannun matar daga nawa ta riƙe a nata, ta ce, "Faɗa mini sunansa." Matar ta faɗa. Kaka ta maimaita, ta ce ta sake faɗa, ta sake maimaitawa har ya zauna mata.

Litinin da safe muka raka ta tashar Television, ni da Baba, ina ɗauke da ƙullin kayanta a ka. Ta shiga mota ba gardama, ta zauna ta taga, ta ce in gaida Hajiya mai ƙosai, in rage baki. Na tsaya ina jira ta ce wani abu a kan mai hular kwano, ba ta ce ba, ta gama da shi. Direba ya tada mota. Ta cikin gilashi na ga leɓunanta suna motsi, sunan ɗan mai itace take ta maimaitawa don kar ya ɓace mata kafin ta isa gida.